Wata takwas ina hulɗa da ofishin shirya takardun kwangila a Katsina: abin da kuɗina suka saya mini

Shekara 14 ke nan ina riƙe da wurin aikin kafinta a bayan Ƙofar Ƙaura, ni da yara bakwai, kuma kusan rabin abin da muke haɗawa, wato tebura da bencinan makaranta da kujerun ofis, a ma'aikatun gwamnati yake ƙarewa, amma har zuwa bara ba a taɓa rubuta sunana a takardar kwangila ba. Ɗan kwangila ne yake karɓo aikin, ya kawo mini, mu yi ciniki kamar ana sayen akuya, ya ba ni rabin kuɗi, sauran kuma sai ranar da aka biya shi. Wannan ne ya sa da na ji labarin wani ofishi a wani bene da ke kan hanyar Kano, wanda yake koya wa ƙananan 'yan kasuwa yadda ake neman kwangilar gwamnati, yake kuma shirya musu takardu, ban yi dogon tunani ba na je na biya. Abin da zan bayyana a nan shi ne yadda na ga aikinsu a cikin wata takwas, domin masu sana'a irina da ke tunanin kai musu kuɗinsu.

Hidimarsu kashi uku ce. Akwai bita ta kwana uku, akwai sanya mutum cikin zauren WhatsApp na tsawon wata shida inda suke turo sanarwar ayyuka, waɗannan biyun na biya naira 60,000 a haɗe, sannan akwai shirya fayil ɗin neman aiki, wanda suke karɓar naira 25,000 a kan kowane guda. Ɗakin bitar ƙarami ne, mu 19 ne a ciki, da masu ɗinki da masu ɗab'i da wata Hajiya mai dafa abinci a taruka, kuma ranar farko sai da muka yi zaman jiran man janareto na kusan awa ɗaya kafin majigi ya tashi.

Da majigin ya tashi ma, gara zaman jiran. Wani matashi ne ya ɗauki safiyar gaba ɗaya yana nuna mana yadda ake yi a Amurka, cewa gwamnatin tarayyarsu tana da burin ba ƙananan kamfanoni kashi 23 cikin 100 na kuɗin kwangilolinta, cewa akwai sauƙaƙƙiyar hanyar saye ga ƙananan ayyuka kamar yadda takardun da ya nuna suka ce, cewa kowa yana rajista a shafin SAM.gov. Bayanin ba ƙarya ba ne, amma na ƙasar wasu ne, kuma a fili yake cewa daga intanet aka kwaso shi aka liƙa. Hajiyar nan mai abinci ce ta fara gajiya, ta ɗaga hannu ta ce, "Ɗana, mu dai a gaya mana ƙofar da ake shiga a sakatariya." Dariyar da aka yi ita ce ta ceci wunin, domin bayan azahar sai mai ofishin da kansa ya karɓi allo.

Dattijo ne da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, ya kuma shekara da yawa a sashen saye-saye, kuma in za a tambaye ni abin da naira 60,000 ta saya, to kwana biyu da rabin da ya yi yana magana ne. Ya fara da tuna mana cewa dokar saye-sayen gwamnatin tarayya da ake aiki da ita, ɗan garin nan ne, marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa, ya sa mata hannu a ranar 4 ga Yuni, 2007, kwanaki kaɗan bayan ya hau mulki, kuma ita ce ta kafa hukumar BPP mai sa ido kan yadda ake ba da kwangila. Ya ja kunnenmu cewa wannan dokar ta ma'aikatun tarayya ce, ita jihar Katsina tana da tata dokar da tata hukumar, saboda haka wanda ya yi rajista a gefe ɗaya kada ya ɗauka ya gama da ɗaya gefen. Ni kaina ban san da wannan bambancin ba, a wurina gwamnati gwamnati ce.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bayanin da ya yi kan hanyar da ake bi a ƙananan ayyuka. Manyan kwangiloli ana tallata su a allon sanarwar ma'aikata da shafinta na intanet da jaridun ƙasa aƙalla biyu da kuma mujallar Federal Tenders Journal, a saka takardu cikin akwati, a buɗe su a bainar jama'a, a karanta sunan kowa da farashinsa. Amma idan kuɗin aikin bai kai wani adadi da BPP take ƙayyadewa ba, wanda kuma takan sauya lokaci zuwa lokaci, doka ta yarda ma'aikata ta nemi farashi kawai daga masu kaya aƙalla uku waɗanda ba su da alaƙa da juna. Kowannensu farashi ɗaya zai bayar, ba ya da damar sauya shi, ba a kuma zama a yi tayi da shi, sannan a ba wanda farashinsa ya fi sauƙi cikin waɗanda suka cika ƙa'ida. Dattijon ya ce a nan ne abincin irinmu yake, domin ba a neman shaidar manyan ayyukan da aka taɓa yi, ba a jan lokaci, kuma manyan 'yan kwangila ba sa ɓata takalminsu a kan kujeru 40. Na tambaye shi, "Ranka ya daɗe, to ai mu abin da muka sani shi ne sai mai uwa a gindin murhu." Ya ce, "Malam, ban ce maka babu wannan ba. Amma a zamana a ofis, waɗanda na ga an zubar saboda takarda ɗaya ta ƙare sun fi waɗanda na ga an zubar saboda ba su san kowa ba." Ban yarda da shi ba a ranar, kuma har yanzu ban yarda da shi ɗari bisa ɗari ba, sai dai abin da ya faru da ni daga baya ya rage mini ƙarfin musu.

Kwana na biyu kacokan a kan takardu ya tafi, kuma nan ne suka fi ƙwarewa. Sun bi su ɗaya bayan ɗaya, daga shaidar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, zuwa lambar biyan haraji, zuwa takardar shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka wuce, zuwa takardun PENCOM (hukumar fansho) da ITF (asusun horas da ma'aikata) da NSITF (asusun inshorar ma'aikata), zuwa shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP, har da rantsuwar kotu da mutum yake bayyana cewa babu jami'in ma'aikatar da ke da hannun jari ko wata moriya a kamfaninsa, kuma babu daraktansa da aka taɓa ɗaurewa kan zamba. Abin da ya burge ni shi ne ba su tsorata mu da yawan takardun don mu ƙara biya ba. Sun bayyana cewa a sanarwar ma'aikatun tarayya akan rubuta cewa takardar PENCOM tana kan mai ma'aikata 15 ne zuwa sama, ita ma ta ITF tana bin yawan ma'aikata da girman ciniki, don haka mai yara bakwai irina ba duka ne suka hau kansa ba, abin da ake buƙata shi ne ya karanta sanarwar da kyau. Sun kuma fayyace wani abu da ya daɗe yana rikita ni, wato wanda ya yi rajistar sunan kasuwanci kawai, daga hukumar haraji ta jiha yake karɓar takardar shaidarsa, shi kuwa mai cikakken kamfani daga ta tarayya. Tun da dokar kamfanoni ta 2020 ta yarda mutum ɗaya ya kafa kamfani shi kaɗai, sun ba ni shawarar in mayar da rajistata ta kamfani, na kuma bi shawarar. Sun yi mini aikin cikin mako biyu ba tare da ja-ni-in-ja-ka ba.

Inda suka karɓi kuɗin da ban ga dalilinsa ba shi ne rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, rajistar da daga baya ɗana ya nuna mini cewa mutum yana iya yin ta da wayarsa yana zaune a tsakar gida. Naira 5,000 ce, ba za ta talauta ni ba, amma ofishin da yake koya wa mutane tsayawa da ƙafarsu ya kamata ya faɗi gaskiyar abin.

Darasin lissafin farashi shi ne na biyu a daraja. Dattijon ya kira ni gaban allo ya ce in lissafa kuɗin benci ɗaya, na rubuta katako da ƙarfe da ƙusa da fenti da ladan yara, na ɗora ribata, na koma na zauna ina jin na iya. Sai ya tambaye ni ina kuɗin motar da za ta kai kayan Funtuwa ko Daura in can aka ce a kai, ina kuɗin masu sauke kaya, ina harajin VAT na kashi 7.5 cikin 100, ina harajin da ake riƙewa tun daga tushe, wato wanda ma'aikata take cirewa kafin ta biya mutum, ina kuma kuɗin da zan ranta in sayi katako in jira biya. Ya nuna a allo cewa aikin naira 2,000,000, da VAT naira 2,150,000 ya kamata a rubuta, domin ma'aikata za ta cire wannan 150,000 kafin kuɗi su shiga asusun mutum, wanda kuma ya manta bai saka ba, daga cikin ribarsa za a yanka. Ya ƙara da cewa shi harajin da ake riƙewa ba asara ba ne, ana lissafa wa mutum shi cikin harajinsa na shekara, muddin ya bi ya karɓi shaidarsa. Na yi shekaru ina ganin 'yan kwangila suna matse ni a farashi ina ɗauka mugunta ce zalla, ranar na gane cewa wani ɓangaren matsin daga nan yake fitowa.

Sai kuma zauren WhatsApp, wanda shi ne suka fi tallatawa, shi ne kuma mafi rauni a cikin hidimarsu. A wata shida sun turo sanarwa masu yawa, amma mafi yawansu hotunan shafukan jarida ne na gina hanyoyi da asibitoci a jihohi masu nisa, ayyukan da ko kuɗin fom ɗinsu ya isa ya tayar mini da hankali. Waɗanda suka shafi kayan katako a jiharmu ba su wuce a ƙirga da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ɗaya daga ciki ya iso ana saura kwana biyu a rufe. Abin mamaki shi ne dalilin wannan raunin yana cikin darasin da su da kansu suka koyar. Tun da ƙananan ayyuka ba sai an tallata su a jarida ba, ma'aikata ce take kiran waɗanda ta sani cikin masu kayan da suka yi rajista da ita, babu yadda za a yi mai zaune a ofis yana duba jarida ya gan su. Wanda yake son a kira shi, dole ya kai kansa, ya rubuta takardar gabatar da kamfaninsa, ya haɗa da kwafin takardunsa da hotunan aikinsa, ya miƙa a sashen saye-saye, ya karɓi kwafi mai hatimin karɓa, sannan ya riƙa leƙa allon sanarwa. Na ware safiyar kowace Talata domin wannan zagayen, na shiga ma'aikatu tara a cikin gari, kuma duk damar da na samu daga baya ta wannan hanyar ta zo, babu ko ɗaya da ta zo daga zauren. Da sun rage naira 20,000 sun cire zauren, da ciniki ya fi yin adalci.

Gwajina na farko a watan Janairu ne, kuma a kan takarda na faɗi. Ofishin ne ya shirya mini fayil, an ɗaure shi da kyau, an sa lamba a kowane shafi, an jera takardu yadda aka nema, amma takardar shaidar harajina ta ƙare tun 31 ga Disamba, kamar yadda irin waɗannan takardun suke ƙarewa a ƙarshen kowace shekara, sabuwar kuma ba ta fito ba. Yaron da ya shirya fayil ɗin ya ga kwanan watan bai ce komai ba. Da na koma na yi ƙorafi, dattijon bai kare yaronsa ba, ya ce laifinsu ne, ya kuma ce fayil na gaba kyauta za a yi mini, ya cika alkawari. Ya ce mini, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya, daga yanzu watan Janairu na sabunta takardu ne, ba na neman aiki ba." Na ji haushin asarar, amma yadda ya karɓi laifi ya sa ban yanke hulɗa da su ba.

Akwai wani abu da ya faru a gwaji na biyu wanda ba zan iya ɓoye shi ba, domin shi ne babban abin da nake so mai karatu ya kiyaye. Muna shirya farashi sai wani daga cikin ma'aikatansu, ba wancan yaron ba, ya sunkuyo ya ce, "Alhaji, in kana so akwai kamfanoni biyu da za mu ari takardunsu, mu sa nasu farashin sama da naka, ka ga an cika uku ke nan, aiki naka ne." Ya ce naira 15,000 ce kowane kamfani. Wannan ita ce ainihin haɗin bakin da dokar 2007 ta haramta, tare da daddatsa babban aiki zuwa ƙanana don a kauce wa talla, kuma hukuncin da ta tanada wa mutum shi ne ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba tare da zaɓin tara ba, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5, a ci shi tarar kashi 25 cikin 100 na kuɗin aikin. Dattijon da kansa ya karanta mana wannan sashen a rana ta uku. Na ƙi tayin, na kuma gaya wa mai ofishin, ransa ya ɓaci ƙwarai, amma har zuwa lokacin da na daina zuwa, ma'aikacin yana nan a kujerarsa. Ban ci wannan aikin ba, wani ya fi ni sauƙin farashi da abin da bai kai naira 40,000 ba a jimla, kuma na yarda da wannan faɗuwar.

A gwaji na uku, cikin watan Afrilu, wata ma'aikata da na kai wa takardar gabatarwa ta kira ni in ba da farashin tebura 20 da kujeru 40. Wannan karon ni na shirya fayil ɗin da hannuna, na kai wa dattijon ya duba, bai karɓi ko sisi ba, gyara ɗaya ya yi, ya ce in rubuta ƙarara cewa farashin nan na kwana 30 ne, saboda yadda katako yake tashi a kasuwa. Na ci aikin. Babu kuɗin kafin alƙalami, domin duk da doka ta yarda a bayar da shi, sai an kawo lamunin banki ko na kamfanin inshora, abin da ƙaramin aiki irin wannan ba zai ɗauki nauyinsa ba. Na sayar da ragunan da nake kiwo na haɗa da rancen ɗan'uwa na sayi kaya. Ranar kai kaya, mai kula da sito ya ƙirga kujeru sau biyu, ya girgiza kowace ɗaya, ya mayar da guda uku saboda fenti ya zuba a ƙafafunsu, sai da muka gyara muka dawo da su sannan ya sa hannu a takardar karɓa.

A nan ne na ga wani giɓi a bitar. Sun koya mana yadda ake neman aiki har a samu, amma abin da ke biyo bayan kai kaya a minti goma suka wuce shi, alhali shi ne ke karya ƙaramin ɗan kasuwa. Fayil yana tashi daga sito zuwa wurin odita, daga can zuwa akanta, sannan a jira sakin kuɗi, kuma a kowane tebur yana iya kwana mako guda in ba a bi shi ba. Ni mako 11 na jira. Da na kai kuka wurin dattijon sai ya buɗe mini dokar ya nuna cewa duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardar neman biya an kuma tabbatar da aikin, doka tana ɗaukar sa a matsayin jinkirtaccen biya, ya kuma taimaka mini na rubuta wasiƙar tuni cikin ladabi, wadda ta ambaci wannan tanadin ba tare da barazana ba. Kwana tara bayan miƙa wasiƙar kuɗi suka shigo. Ba zan rantse cewa wasiƙar ce ta yi aikin ba, amma irin wannan ilimin kamata ya yi ya kasance cikin kwana ukun da aka biya, ba sai mutum ya dawo ido ya raina fata ba. Haka ma hanyar ƙorafi ga wanda yake ganin an zalunce shi, wadda take farawa da rubuta wa shugaban ma'aikatar cikin kwanakin aiki 15 kafin a wuce zuwa BPP, a baki kawai aka ambace ta, babu ko samfurin wasiƙa a cikin takardun da aka raba mana.

Da na zauna na yi lissafi, ribar da na samu a wannan aikin ta ninka abin da nake samu in ɗan kwangila ne ya kawo mini irinsa, ko bayan na cire kuɗin bita da na fayil ɗin da na biya. Sai dai kuɗina sun kwanta kusan wata uku, kuma a wannan tsakanin sai da na mayar da aikin gadaje biyu na amare saboda babu abin sayen katako. Saboda haka, ga wanda yake da sana'a tsayayya da ɗan abin da zai iya jingina na wata uku, ina ganin bitar ta cancanci kuɗinta, da sharaɗin ya tabbatar dattijon ne zai koyar, ya kuma duba kwanan watan kowace takarda da idonsa kafin a rufe ambulan. Shirya fayil ya isa a biya sau ɗaya a ga yadda ake yi, na biyu mutum zai iya da kansa. Wanda kuwa jarinsa duka shi ne abin da yake juyawa a mako, ko wanda yake zaton za a turo masa aiki ta waya, gara ya riƙe kuɗinsa tukuna.

Da wa'adin zauren ya ƙare sun kira ni in sabunta a kan naira 20,000, na ce a'a. Hajiya mai abinci, wadda muke gamuwa da ita wani lokaci a zagayen Talata da fayil ɗinta a cikin jakar leda, ita ma ba ta sabunta ba, amma ta ce za ta tura 'yarta bitar da za a yi bayan sallah, in an yarda ta shiga daga azahar ɗin ranar farko.